Me ya sa duwatsun Holbrook suka sha bamban a launi?

Tambaya: Na ga hotunan duwatsu biyu daga gidajen adana kayan tarihi, an ce duka a Holbrook suka faɗo daga sama, amma ɗaya baƙi ƙirin ne, ɗayan kuma ja-ja kamar tsohon ƙarfe. Shin ɗaya jabu ne?

Amsa: Da wuya ya zama jabu, bambancin yana ga lokacin da aka tsinci kowanne. A yammacin 19 ga Yuli, 1912, wani dutse ya tarwatse a sama kusa da garin Holbrook na jihar Arizona a Amurka, ya zubo gutsattsari sama da 14,000 a gefen layin dogo, galibinsu ƙanana ƙwarai. Waɗanda aka kwashe cikin makonnin farko sun shiga gidajen tarihi da baƙar fatarsu, wadda ta samu ne lokacin da zafin ratsa iska ya narkar da bayan dutsen.

Sauran kuwa sun ci gaba da kwana a cikin rairayi. Irin wannan dutse yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe gauraye da nikel, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ruwa da iskar duniya ba, saboda haka da zarar danshi ya bi ta tsaga ya kai gare su, sai su fara tsatsa. Tsatsar tana kumbura fiye da ƙarfen da ta cinye, tana ƙara buɗe tsagar, tana rina dutsen, gishirin ƙasa kuma yana hanzarta aikin. Masu bincike sun kwatanta samfuran da aka tsinta a 1912 da 1931 da 1968, suka tarar ƙarfen ya ragu matuƙa a na baya-bayan, alhali Arizona busasshiyar ƙasa ce.

Shi ya sa, a ganina, takardar da ke ɗauke da shekarar tsinta tana dab da darajar dutsen kansa, domin in ta ɓace, mai auna sinadaransa zai wahala wajen raba abin da ya zo da shi daga sama da abin da ƙasa ta ƙara masa. Akwatin gilashi ma ba ya tsayar da tsatsa in akwai laima, don haka ake ajiye samfuran tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, ba a wanke su da ruwa, kuma sai da safar hannu ake taɓa su, saboda gishirin da ke cikin gumi.