Gangar da ta wuce lokacinta

Jiya a sito ka tambaye ni me ya sa na zana wa gangar giyar wiski ta shekara 28 alli na ce ta kai, na tsallake ta shekara 41 da ke gefenta. Ka ce, "Maigida, ba tsohuwar ce ta fi daraja ba?" Ban amsa maka ba saboda hancina yana aiki a lokacin. Yanzu zauna, ɗana.

Doka a nan Sikotland ta ce ba a kiran abu wiski sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak, kuma ƙarfin barasarsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Namu na tsiron sha'ir ne zalla, daga masana'anta guda, cikin tukunyar jan ƙarfe. Yana fitowa fari tas kamar ruwa, a ɗura shi a ganga da ƙarfi wajen kashi 63 da rabi. Daga ranar nan hannunmu ya fita, aiki ya koma ga itace.

Itacen kuwa iri-iri ne. Gangar Amurka mai lita 200, wadda aka babbake cikinta, tana ba da ƙamshin kwakwa da zuma. Babbar gangar nan mai lita 500 da ta fito daga Jerez a Sifaniya, wadda ta taɓa riƙe giyar inabi, ita ke kawo zabibi da busasshen dabino da kanumfari, ta rina ruwan ya yi ja. Da zafi ruwan ya kutsa cikin itace, da sanyi ya dawo, kullum yana ɗebo wani abu. To abin da yake ɗebowa ba duka ne mai daɗi ba. Akwai bauri, irin wanda ke cikin bagaruwar jima. Kaɗan daga ciki yana ba wiski ƙashi. In ya yi yawa sai ya danne komai, ka kurɓa ka ji kamar ka tauna katako.

Abin da ya sami ta shekara 41 ke nan. Da na zuba ɗigo a tafin hannu na murza, ban ji sha'ir ba, ban ji 'ya'yan itace ba, itace kawai na ji. Na ji ciwon abin ƙwarai, domin wanda ya cika ta ya rasu, kuma da an duba ta shekara goma da suka wuce da an sami abin alfahari. Ga kuma asara ta biyu. Kowace shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na tserewa ta jikin itace, abin da mutanen sana'ar nan suke kira rabon mala'iku. A shekara 40 fiye da rabi ya tafi. Ƙarfin ma yana sauka a sito mai laima irin namu, in ya faɗi ƙasa da 40 doka ta ƙwace masa sunan.

Na san abin da ke ranka. Ka ji labarin wiskin Macallan na 1926, wanda ya yi shekara 60 a ganga, aka sami kwalba 40 kacal, har guda ta haura fam miliyan 2 a gwanjon Sotheby's a Landan a 2023. Kamfanin Gordon & MacPhail na Elgin ma ya fitar da wiskin Glenlivet mai shekara 80 a 2021. Gaskiya ne. Amma waɗannan ganguna sun kai haka ne saboda itacen ya dace kuma akwai masu leƙa su a kai a kai. Kuɗin gwanjo kuma na ƙarancin abu ne, mai saye sau da yawa ba ya ma buɗe kwalbar.

Ga yadda za ka yi da tsohon wiski. Zuba kaɗan a kofin gilashi mai tsukakken baki, ka bar shi ya huta minti goma ko fiye, abin da ya daɗe a rufe ba ya buɗewa nan take. Kada ka cusa hanci, kai shi a hankali, bakinka a ɗan buɗe. Shaƙar farko zafi ce kawai, ta biyu da ta uku ne ke magana. Ruwa kuwa ɗigo ɗaya, sannan ka jira. Matashin wiski yana ɗaukar ruwa, tsoho in ka yawaita sai ya watse, kuma ba ya dawowa. In na tsibirin Islay ne, kada ka nemi ƙamshin hayaƙin nan mai kaifi da aka san wiskin can da shi, shekaru suna lallashinsa. Ka riƙe kurɓi a harshe, ka tofar, ka lura da abin da ya saura: in daɗi ya daɗe, ganga tana da sauran rai, in baki ya bushe ya ɗaure, a fitar da ita bana.

Gobe ka zo da sassafe, kada ka shafa turare, kada ka sha taba. Ɗauko bututun ɗiba da kofi shida da alli. Zan rufe lambobin shekarun, kai za ka gaya mini wadda ta kai.