Amsar tambayar Yaya kan ciwon Kawu

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, tun da asuba na saurari saƙonki, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce likita ya ce ciwon Kawu a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yake, alhali hannun dama da ƙafar dama ne suka shanye, har wasu na cewa shafar iska ce. Yaya, likitan nan bai yi kuskure ba.

Kin ga ƙwaƙwalwa, nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma ita kaɗai ke shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka. Babban sashenta na sama rabe yake gida biyu. Idan za ki ɗaga hannu, daga can umarnin ke tasowa ya gangaro ta jijiyoyi. To a wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, sai yawancin jijiyoyin nan su gitta juna, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Daga nan su bi lakar da ke cikin ƙashin baya, ita kuma ta fitar da jijiyoyi 31 ta kowane gefe. Hannun Kawu lafiyarsa lau, saƙo ne ba ya isa gare shi, saboda jijiyar jini ta toshe can sama, wurin ya rasa jini. Hawan jini kuwa shi ne kan gaba wajen jawo wannan.

Maganarsa ita ta fi tsaya mini a rai. A mafi yawan mutane, wurin da ke haɗa magana a hagun yake. Jiya ina zaune kusa da shi, ya ƙura wa kofin shayi ido, ya san kofi ne, yana so ya ce a miƙo masa, kalmar ta ƙi fitowa, sai hawaye. Yana fahimtar abin da ake faɗa. Don girman Allah a daina zancensa a gabansa kamar ba ya wurin.

Mun gode Allah ciwon bai taɓa gindin ƙwaƙwalwa ba, don shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. Addu'a kam a ci gaba, amma kada a ɗura masa ruwa ko kunu yana kwance, zai iya sarƙewa ya tafi huhu. A zaunar da shi tukuna, cokali-cokali.

Gashin ƙashin da aka rubuta masa a asibitin Barau Dikko kada a tsallake ko sau ɗaya. Ƙwaƙwalwa na iya koyon sabuwar hanya idan ana motsa gaɓar, kuma watannin farko ne aka fi samun sauƙi. Kuɗin keke napep ni zan ɗauka. Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Tudun Wada da abin awon jini, kowa ya zo in auna shi, Yaya har ke.