Hukuncin sayen kiristal, amfani da mod da sayar da akaunt a wasan jarumai na waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, da damina ina noma, da rani kuma ina taya yayana tsaron shagon cajin waya. Akwai mu da yawa a garinmu da muke buga Marvel Contest of Champions, kuma ni ne shugaban ƙungiyarmu a cikin wasan, sauran 'yan ƙungiyar suna Kano da Haɗeja. Gardama ta yi yawa a tsakaninmu. Ɗayanmu ya sayar da riɗinsa ya zuba wani kaso a sayen kiristal, wato akwatin sa'a da ake buɗewa a cikin wasan a samu jarumi, don neman babban jarumi, wasu suka ce caca ce, shi kuma ya ce ai ba a taɓa fita hannu wofi. Wani yana amfani da mod, wato manhajar wasan da aka yi wa kutse, saboda netwok ɗinmu yana yanke masa faɗa, wani kuma yana ba abokinsa na birni lambar sirrinsa ya buga masa yaƙin ƙungiya. Akwai mai son sayar da akaunt ɗinsa. Sannan a cikin jaruman akwai waɗanda labarinsu ya ce gumaka ne. Mene ne hukuncin duk wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ya kai ɗana, malaman usulu sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake, don haka na sa ɗaya daga cikin ɗalibaina ya buɗe wasan a gabana ya nuna mini yadda yake tafiya. Wasa ne da kamfanin Kabam ya fitar a watan Disamba na 2014, ana saukar da shi kyauta, ba ya aiki sai da intanet, kuma jarumi ɗaya ne yake karawa da ɗaya: yatsan dama yana kai duka, na hagu yana karewa ko ya ja da baya. Jaruman sun kasu aji shida, kowane aji yana da wanda yake rinjaya da wanda yake rinjayarsa, ƙungiya kuma tana ɗaukar mutum talatin. Abin da na lura da shi, wanda a kansa amsata za ta ginu, shi ne cewa abu biyu ne aka haɗa cikin manhaja guda. Akwai faɗan kansa, wanda ya dogara ga ƙwarewa da sanin lokacin da za a tare duka da sanin jarumin da ya dace da abokin karo. Akwai kuma hanyar samun jaruman, wadda ta dogara ga sa'a tsantsa. Hukuncin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma yawancin gardamarku ta taso ne daga cakuɗa su.

Faɗan kansa wasa ne, kuma Shari'a ba ta rufe ƙofar wasa ba. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suka yi wasa da mashi a masallacinsa. Wanda ya karanta Risala zai ce ai Ibn Abi Zaid ya faɗa cewa bai halatta a yi wasan nardu ko shaɗaranji ba, kuma haka ne ya faɗa. Amma nardu, wato wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo irin ta ludo, nassi ne ya zo a kansa, domin a Muwaɗɗa an ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wanda ya yi wasa da shi ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Shaɗaranji kuwa, wato wasan da Turawa ke kira chess, malamai sun yi saɓani a kansa: Imamu Malik ya ƙi shi, Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci matuƙar babu kuɗi a tsakani, kuma a babin shaida Mukhtasar na Khalil ya ambaci dawwama a kansa ne cikin abubuwan da suke zubar da mutunci, bai ambaci bugawa sau ɗaya ba. Faɗan da kuke yi ya fi kusa da wannan nau'i na biyu. Saboda haka abin da nake gani shi ne ya halatta a matsayin hutu na ɗan lokaci, yana zama abin ƙi idan ya zama shi ne aikin yini, yana haramta idan ya ci lokacin salla ko haƙƙin iyaye ko aikin da ake ciyar da iyali da shi.

Sai batun kiristal, kuma a nan zan tsawaita. Na ga yadda ake buɗe shi: hotunan jarumai suna gudu a jere, sannan su rage gudu, babban jarumi ya matso kamar a kansa za a tsaya, sai ya gota kaɗan a tsaya a kan wanda ba a so. Ɗalibin da yake riƙe da wayar, duk da ya san gwaji kawai muke yi, sai da ya ja numfashi. Wannan jan numfashin shi ne abin da ake sayarwa, kuma shi ne yake sa mutum ya ce bari in ƙara ɗaya.

Kiristal ɗin da aka samu ta hanyar buga wasa, ba tare da an biya ko kobo ba, babu laifi a buɗe shi, domin kyauta ce, kuma rashin sanin abin da ke cikin kyauta ba ya ɓata ta a mazhabarmu ta Malikiyya. Wanda aka saya da kuɗi kuwa ciniki ne, kuma sharaɗin ciniki shi ne a san abin da aka saya. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin tsakuwa da cinikin garari, wato cinikin da ba a san abin da za a samu a cikinsa ba. Cinikin tsakuwa, a ɗaya daga cikin fassarorinsa, shi ne mai saye ya biya kuɗi ya jefa tsakuwa a kan tarin tufafi, wanda ta faɗa a kai shi ne nasa. Ka lura da kyau: mai jefa tsakuwar nan shi ma ba ya fita hannu wofi, dole ya tafi da tufa, amma duk da haka aka hana, saboda bai san ko mai tsada zai ɗauka ko mai araha ba. To hujjar abokinka ta faɗi tun daga nan. Da wani zai zo kasuwar Maigatari da buhuna a ɗaure ya ce kuɗinsu ɗaya, wani riɗi ne a ciki wani ƙaiƙayi, ba a kwancewa sai an biya, da abokin nan naka shi ne farkon wanda zai kira shi ɗan caca.

Za a iya cewa malamanmu sun yi rangwame ga ɗan ƙaramin garari, kamar sayen gida ba a ga tushen gininsa ba, ko riga mai cushe ba a ga audugar da ke ciki ba. Gaskiya ne, amma sun yi rangwamen ne inda abin da ba a sani ba yake bin abin da aka sani, kuma ba shi ake nufi da cinikin ba. A kiristal kuwa abin da ba a sanin shi ne kaɗai abin da ake nema. Za a kuma iya cewa yanzu ana rubuta yawan yiwuwar samun kowane matakin jarumi, tunda kamfanin Apple ya wajabta wa masu manhaja bayyana hakan a ƙarshen 2017, Google ma ya bi sahu a 2019. Wannan ya rage ruɗi, amma bai cire jahilcin ba, domin mai tikitin caca shi ma yana iya sanin cewa mutum ɗaya ne cikin dubu zai ci, sanin nan bai mayar da tikitinsa halal ba. Ba malaman Musulunci kaɗai suka hango haka ba: a 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi suna shiga ƙarƙashin dokar caca. Allah kuwa ya riga ya haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ya faɗi cewa da su Shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla.

Sayen kuɗin cikin wasa da naira, sannan a sayi kiristal da su, bai canza komai ba, domin Malikiyya suna duba abin da aka nufa, suna toshe hanyar da take kaiwa ga haram ko da an yi mata kwana. Idan kuwa abin da aka saya sananne ne, kamar jarumi takamaimai ko kayan ɗaga darajarsa da aka faɗi adadinsu, cinikin ya inganta, sai dai a tambayi mai saye daga ina kuɗin ya fito kuma wa yake da haƙƙi a kansa. Manomin da bai ajiye kuɗin taki da iri ba, ko yake da bashi a wuyansa, ko matarsa take jiran cefane, zuba kuɗin riɗi a nan almubazzaranci ne ko da babu caca a ciki. Abokinka ya tuba ya daina. Jaruman da ya riga ya samu ba sai ya rufe akaunt ɗin saboda su ba. Na kuma ji cewa wasunku suna jiran tsakar dare ko wata rana ta musamman kafin su buɗe kiristal, wai sa'a ta fi a lokacin. Wannan camfi ne, sakamakon daga kwamfutar kamfanin yake zuwa, ku bar shi.

Mod, wato manhajar da aka yi wa kutse don duka ɗaya ya kashe abokin karo ko jarumi ya ƙi mutuwa, ha'inci ne. Hadisin Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma waɗanda kuke karawa da su a yaƙin ƙungiya mutane ne na gaske da suka ɓata lokacinsu, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, haƙƙinsu ɗaya ne a wannan babi. Ƙari a kan haka, duk wanda ya buɗe akaunt ya danna amincewa da sharuɗɗan kamfanin, waɗanda suka hana wannan, Allah kuma ya ce a cika alkawura a farkon Ma'ida. Raunin netwok ba lalura ba ce da take halatta abin da aka hana, domin wasan kansa ba buƙata ba ce ta rayuwa. Wanda siginarsa take rawa ya jinkirta faɗan zuwa inda take da ƙarfi, ko ya haƙura da hasarar. Kuma ka gargaɗe shi cewa manhajar da aka sauko da ita daga inda ba a sani ba tana iya zuwa ɗauke da abin da zai leƙa saƙonnin bankinsa, musamman ga masu shagon caji da suke karɓar kuɗi ta waya.

Ba wa wani lambar sirri ya buga maka yaƙin ƙungiya shi ma ya saɓa wa sharuɗɗan, kuma yaudarar ɗaya ɓangaren ne, ko da yake bai kai mod muni ba. A bar shi.

Game da sayar da akaunt, wasu malaman zamani sun yi sauƙi, suna ganin amfani ne da mutane suka ba shi daraja. Ni ban natsu da haka ba a wannan wasan, saboda sharuɗɗan sun nuna cewa izinin amfani aka ba ɗan wasa, ba mallaka ba, kuma sun hana miƙa shi ga wani. Mai sayarwa yana sayar da abin da ba nasa ba, mai saye kuma yana iya wayar gari ya tarar an rufe akaunt ɗin, ko mai shi na farko ya dawo da shi ta imel ɗinsa, babu kotun da zai kai ƙara. Wannan gararin ya isa ya ɓata cinikin. Idan an riga an yi, a warware, kowa ya karɓi nasa. Haka nan sharaɗin da matasa kan yi a majalisa cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin caji ko ya sayi data, caca ce komai ƙanƙantar kuɗin. Amma idan wani da ba ya cikin masu karawa ya sa kyauta daga aljihunsa, babu laifi.

Jarumai irin su Thor da Loki an ɗauko su ne daga tsofaffin addinan mutanen arewacin Turai, Hercules kuma daga tatsuniyoyin Girkawa. Buga wasa da su ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kada wani ya yi gaggawar kafirta ɗan'uwansa a kan wannan, domin babu mai bauta musu a cikinku. Amma harshe yana sabawa, don haka kada ku riƙa kiran su da laƙabin allantaka ko da wasa, kuma kada a bar yara ƙanana da aƙidarsu ba ta zauna ba su riƙa jin haka a shagon. Hoton da ke kan fuskar waya ba gunki ba ne, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha, ya yi dariya bai hana ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne shigar wasu jarumai mata da ke bayyana surar jiki: wajabcin runtse ido bai sauka don abin zane ne ba, wanda ya ga abin yana motsa masa zuciya ya nisanci waɗannan jaruman, ko wasan gaba ɗaya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya rataya a wuyanka tunda kai ne shugaba. Yaƙin ƙungiya yana da lokaci ƙayyadadde, kuma shugabanni sukan matsa wa mutane su shigo su yi nasu, har su kori wanda ya makara. Idan matsinka ya sa wani ya jinkirta La'asar, ko ya bar fartanya a tsakiyar noman farko ya hau tudu neman netwok, kana da kaso a laifin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamar da ta fi fitowa a cikin bayaninta ita ce mutum ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin cutar da yake yi masa. Ka sanar da 'yan ƙungiyarka a rubuce cewa ba a korar kowa saboda salla ko gona ko aiken iyaye, ba a karɓar mai mod, kuma ba a tilasta wa kowa sayen komai. Idan 'yan birnin suka ce ƙungiyar za ta sauko a matsayi saboda wannan, ta sauko. Idan kuma suka ƙi yarda, ka miƙa musu shugabancin.

Wallahu a'alam.