Amsa ga ɗana a kan wanke salansar bindiga

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin hankalina ya ɗan tashi. Kana tambaya ko dole ne a bi al'adar tsofaffi ta goge bindiga ranar da aka yi harbi, tunda yanzu akwai ruwan magani mai narkar da kunkunniya, har kana shirin jiƙa salansarka, wato abin rage ƙarar harbi da ake ɗaurawa a bakin bindiga, a ciki mako guda.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na ari bindigar yayana mai cin ƙaramin harsashin .22, da salansarta a baki. Na dawo da almuru a gajiye, na jingine ta a lungu bakinta sama, ban kwance salansar ba. Bayan kwana huɗu mahaifinmu ya ɗauke ta, ya murɗa salansar, ta ƙi motsi, ya naɗa tsumma ya sake murɗawa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Da ta saki, sai baƙin gari ya zubo a tafinsa, ga jan tsatsa ya zagaye bakin bututun, domin raɓar da ke taruwa idan ƙarfe mai zafi ya huce ta gangaro ta kwanta a wurin. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini tsumman ya ce, kamar yadda nasa uban yake faɗa, bindiga ba ta kwana da dauɗarta. Na goge har tsakar dare, amma tabon bai fita ba.

Wannan ƙaramin harsashi yana cikin waɗanda suka fi ƙazanta, don yana barin dalma da maiƙo da toka su daskare a kan farantan da ke cikin salansa, shi ya sa ake yin yawancin irinta yadda za a iya kwancewa. Ka fara sanin ƙarfen taka tukuna. Wanda ba ya tsatsa yana jure magani mai ƙarfi, alminiyam kuwa ruwan da ke da amoniya yana cin sa, balle a bar shi mako guda. Haɗin nan na ruwan khal da haidirojin feroksaid da samari ke yabo, dalmar yake narkarwa ta zama guba mai shiga jiki, kada ka kusance shi. Ka sa safar hannu, ka yi aikin inda iska ke shiga, ka jera farantan yadda suka fito, su bushe sarai, sannan ka ɗan shafa mai a haƙoran murɗi.

Abin da ke damuna da ku shi ne komai sai a nemi kwalbar da za ta yi wa mutum aikinsa. Mu da tsumma muka san kayanmu, a wurin gugar ake ganin tsaga tun tana ƙarama. Ka dubo takardar da ta zo da salansar, ka rubuto mini irin ƙarfenta kafin ka zuba mata komai.