Amsa: inshora ga ƙaramin magini

Malam kana tambaya ko magini mai yara biyar shida a Gombe sai ya yi inshora, ko ta manyan ƴan kwangila ce kawai. Ka yi abinka, musamman wadda ke biyan diyya in lebura ya faɗo daga sama ko katanga ta rufto wa maƙwabci, in kuma batun riba, wato kuɗin ruwa, ne ke damunka akwai takaful, inshorar da ke bin tsarin Musulunci, ita ma NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ke ba ta lasisi.

Amma fa ka karanta takardar sosai kafin ka sa hannu, ni bara wajen Tumfure da ke gefen garin Gombe bulo ya faɗo wa wani yarona a ƙafa, kamfanin ya ce ai ɗan aikin yini ne babu shi a yarjejeniya, daga aljihuna na biya kuɗin asibiti wallahi.