Tambayi Likita: ƙululu a mama, gwajin bakin mahaifa da komawa asibiti bayan kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara)

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan yawanci kan sankara suke, na zaɓo guda huɗu na cire sunaye.

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 36, yarana huɗu, na yaye na ƙarshen tun bara. Wata biyu kenan ina jin wani ƙululu a mamana na hagu, baya ciwo ko kaɗan, naje asibitin garinmu likita ya taɓa yace inyi sikanin, nayi, yanzu kuma yace sai ansa allura an ɗebo naman wajen an kai gwaji. Toh uwar mijina tace sam bata yarda ba, wai daji baya son ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu, ta kawo min magani na sha da na shafawa. Wallahi tsoro nake ji, ya zanyi? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki je a yi gwajin nan, cikin satin nan in da hali. Likitanki kan hanya yake, domin hannu da sikanin iyakarsu su ce akwai abu a wajen, ga girmansa, ruwa ne a ciki ko tsoka, amma ba su isa su yanke hukunci cewa sankara ce ko ba ita ba ce, wannan sai an ɗebo ɗan naman an yanka shi siriri an duba a madubin likita. Shi ne bayofsi. Ana yi miki allurar kashe zafi a wajen, a sa wata allura mai ɗan kauri a ɗebo silin nama biyu ko uku, a manna filasta, ki tashi ki tafi gida da ƙafarki. Ba kwanciya, ba ɗinki.

Ki kwantar da hankalinki da abu ɗaya, mafi yawan ƙululun da ake samu a mama ba sankara ba ne, musamman ga mata masu ƙananan shekaru. Amma fa rashin ciwon nan da kika faɗa kar ya rarrashe ki, ita sankarar mama a farkonta yawanci ba ta ciwo, shi ya sa ma ake zama da ita a gida wata da watanni. Ki duba ko kan maman ya shige ciki, ko yana fidda jini, ko fatar wajen ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, ko akwai kaluluwa a hammata, duk wanda kika gani ki gaya wa likita.

Maganar Hajiya kuwa, na san don tana ƙaunarki ne, kuma na san inda maganar ta samo asali. Mafi yawan matanmu sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4 suke zuwa asibiti, bayan an sha saiƙo an yi shafe-shafe, maman ya kumbura ko ya fashe, a lokacin sau da yawa ciwon ya riga ya shiga ƙashi ko huhu ko hanta, sai a yi bayofsi, bayan 'yan watanni Allah ya karɓi abarsa, dangi su ce ai allurar nan ce ta tada shi. Alhali ya bazu tun kafin ta taka ƙofar asibiti. Abin yana min ciwo sosai, don ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2020 mata sama da 28,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya, kimanin rabin wannan adadin kuma suka rasu, alhali a ƙasashen da ake kama ta da wuri fiye da kashi 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara 5.

Shawarata ki tafi da maigidanki, in Hajiya za ta yarda ma ku tafi tare ta ji daga bakin likita. Maganin shafawar nan ki ajiye shi, wasu suna cin fata su buɗe gyambo. Sannan dan Allah ki koma ki karɓi sakamakon da kanki, kan ɗauki sati biyu ko fiye, ki rubuta ranar da aka ce ki dawo, ki karɓi lambar da ke jikin kwalbar da aka sa naman. Nan ne muke rasa mutane da yawa, an yi gwaji, sakamako ya fito yana zaune a fayil, mai shi ba ta dawo ba saboda tsoro ko kuɗin mota. In ya nuna sankara ce likitanki zai rubuta miki takardar turawa babban asibiti, kamar na koyarwa na ABU da ke Shika ko na Malam Aminu Kano, kuma ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021, yana taimaka wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet (wata gaɓa a ƙasan mafitsarar maza), Shika na cikin asibitocin da aka fara da su.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Anzo gwajin bakin mahaifa kyauta a unguwarmu, lafiyata ƙalau na shiga kawai, sai nas tace anga fari a wajen, wai inzo a ƙona. Kenan ina da kansa? Kuma ance ta saduwa ake ɗauka, ni ban taɓa sanin kowa ba sai mijina, shekarata 41. Sannan 'yata mai shekara 11 ance a mata rigakafi, ina tsoron maganar hana haihuwa. Maman yara, Kano.

AMSA: Maman yara, sannu, ba a ce kina da sankara ba. Abin da aka yi miki shi ne an shafa ruwan binega a bakin mahaifa an jira minti ɗaya, inda ƙwayoyin wajen suka fara canzawa sai ya yi fari. Wannan canjin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara ga mai cikakkiyar garkuwar jiki, ga mai HIV kuwa ya fi sauri. Amfanin gwajin kenan, a kama shi a hanya. Ƙonawar da aka ce ba wuta ba ce, wani ɗan ƙarfe ne mai zafi ake ɗorawa a wajen ƙasa da minti ɗaya, za ki ji ɗan murɗawar mara, ki yi 'yan makonni kina ganin ruwa-ruwa, a ɗaga wa maigida ƙafa na sati huɗu, shi kenan, kuma ba ya hana haihuwa. Bayan shekara ɗaya ki koma a sake dubawa, wannan komawar tana cikin maganin. In nas ta ga wajen ya yi faɗi ko bai kwanta mata ba za ta tura ki wajen likitan mata, ki je.

Batun saduwa kuwa kar ki sa wa ranki zargi, kar kuma a zarge ki. Ƙwayar HPV ce ke jawo shi, kuma kusan duk wanda ya yi rayuwar aure, mace ko namiji, ya taɓa ɗaukarta bai sani ba, jiki kan kore ta da kansa, wani lokaci kuma ta kwanta shekaru. Ba hujjar cin amana ba ce.

'Yarki ki kai ta. An shigar da rigakafin HPV cikin jerin na ƙasa a watan Oktoba 2023, Kano tana cikin jihohin farko, kyauta ne, allura ɗaya ce ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma tana kare su daga nau'i na 16 da 18 waɗanda su kaɗai ke jawo kusan kashi 70 na wannan sankarar. Tun 2006 ake yin ta a duniya, ba a same ta da hana haihuwa ba. A Najeriya a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu, kusan 8,000 suka rasu, akan ciwon da ake iya tarewa.

Ga sauran mata, daga shekara 30 ku fara gwaji ko kuna jin lafiya, mai HIV daga 25, kuma kuna da damar cewa mace kuke so ta duba ku. Amma wadda take ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi, ita kam kar ta jira ranar gwajin kyauta, gobe ta ga likita.

TAMBAYA: Dakta shekarata 54, wata uku ina ganin jini a bayan gida, na sha maganin basir kala-kala ba sauƙi, kuma wandunana sun min yawa. Wani magidanci, Gusau.

AMSA: Malam, a shekarunka jini wata uku tare da rama ba a kiran shi basir sai an duba an tabbatar. Ka daina sayen magani ka je asibiti, likita zai sa safar hannu ya duba dubura da yatsa, na san da nauyi amma minti ɗaya ne kuma ana gano abubuwa da yawa a haka, a auna yawan jininka, sannan a tura ka a sa kyamara a duba babban hanji. Ko an ga basir ɗin ma ka nemi a duba hanjin, mutum na iya samun duka biyun.

TAMBAYA: Salam. Mahaifiyarmu an cire mata mama ɗaya, tayi kemo, an gasa wajen da na'ura, Alhamdulillah ta warware har gashin kanta ya dawo. An bata wata ƙwaya tamoxifen wai kullum, ta gaji da ita tace tunda ta warke a barta, kuma asibitin da nisa kuɗin mota ya mana yawa. Dole ne mu riƙa komawa? Ɗanta, daga Azare.

AMSA: Alhamdulillah, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ku kuma ya saka muku. Ƙwayar nan kar ta bari. An ba ta ne saboda gwajin naman ya nuna irin sankarar da sinadarin mata ke ciyarwa ce, ƙwayar tana toshe wannan hanyar, tana rage yiwuwar dawowar ciwon sosai, kuma shekara 5 ake sha, wasu har 10. In zafin jiki da gumin dare ne suka gajiyar da ita a gaya wa likita, akwai dabaru. Da azumi ta sha bayan buɗa baki, sau ɗaya ce a rana.

Komawa kuwa dole ne, amma ba kowane zuwa ne sai babban asibiti ba. Ku roƙi likitocin da suka yi mata magani su rubuta muku taƙaitaccen bayani a takarda ɗaya, irin ciwon, matakinsa, magungunan da ta sha, da ranakun da lallai su suke son ganinta, ku ɗauki hotonta a waya, ku kai wa likita ɗaya a asibitin kusa da ku wanda zai riƙe ta. A shekara uku na farko a duba ta duk wata 3 zuwa 6, daga nan duk wata 6 zuwa shekara, a taɓa tabon aikin da hammata da wuya da ɗaya maman, a yi hoton mamogiram na ɗaya maman sau ɗaya a shekara, a kuma kula da hawan jini da suga in tana da su, don sau da yawa ana mantawa da su an tattara hankali kan sankara.

Abubuwan da ba a jira ranar kilinik da su: sabon ƙululu a tabon, ciwon baya ko ƙashi da ya ƙi tafiya har yana tashinta da dare, tari ko haki na makonni, ciwon kai da amai, idanu su yi shawara, jini ta gaba bayan ta daina al'ada, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Hannun ɓangaren da aka yi aikin shima a lura da shi, in ya fara kumbura ko ya yi ja da zafi a kai ta da wuri. 'Yan'uwanka mata kuma su gaya wa likitansu cewa mahaifiyarsu ta yi wannan ciwon da shekarun da ta yi shi, domin a tsara musu lokacin da ya kamata su fara nasu gwajin.