Hafsan Sojan Amurka Da Aka Tsallake Sau Biyu: Ina Makomarsa?

Tambaya: Ƙanina kyaftin ne a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, shekararsa tara a aiki. Ya ce idan kwamitin ƙarin girma ya tsallake shi sau biyu za a sallame shi ko bai yi laifin komai ba. Da gaske ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, gaskiya ƙaninki ya faɗa miki. Dokar da ake kira DOPMA, wadda Majalisar Dokokin Amurka ta zartar a 1980, ta ɗora hafsoshi kan tsarin "ko ka hau, ko ka tafi". Doka ta ƙayyade yawan manjo, laftana kanar da kanar da kowace runduna za ta riƙe, don haka wanda ya tsaya wuri ɗaya ya tare wa na baya hanya.

Zuwa kyaftin ba wuya, kusan kowa na samu a shekara ta huɗu. Ƙofar tana fara ƙunci ne a manjo, wajen shekara ta 10, inda ma'aunin da aka tsara shi ne 80 cikin 100 su wuce. Laftana kanar wajen shekara ta 16, 70 cikin 100. Kanar wajen ta 22, rabi. Adadin yana hawa da sauka gwargwadon buƙatar runduna.

Kwamitin ba ya ganin mutum, fayil kawai yake karantawa, kuma tun 2020 rundunar ƙasa ta cire har hoton hafsa daga ciki. Abin da ya fi nauyi shi ne rahoton da manyansa ke rubutawa. Babban mai tantance kyaftin ba shi da izinin saka rabin waɗanda ke ƙarƙashinsa a matakin farko, wato mafi girman daraja a rahoton, dole su gaza rabi. Shi ya sa rahoto mai cike da yabo amma a mataki na biyu ba ya burge kowa a kwamiti. Sauran abin da ke kayar da mutane: rashin riƙe muƙamin kwamandan kamfani (rukunin sojoji) a kan lokaci, takardar gargaɗi daga janar, faɗuwa gwajin ƙarfin jiki, da takardar kwas da ba ta shiga fayil ba. Wannan na ƙarshe abin takaici ne, domin ana buɗe wa hafsa fayilinsa ya duba kafin zama, wasu ba sa dubawa.

Idan an tsallake shi bana, za a sake duba shi baɗi, sai dai waɗanda ke wucewa a zagaye na biyu kaɗan ne. In aka sake, sallama ba ta wuce ranar farko ta wata na bakwai bayan fitowar sakamako. Mafita biyu ce: runduna ta zaɓe shi ya ci gaba saboda tana buƙatar fanninsa, ko ya riga ya cika shekara 18, a bar shi ya kai 20.

Ba hannu rabbana zai tafi ba. Wanda ya yi shekara shida ko fiye yana samun kuɗin sallama: kashi 10 na albashin shekara, sau yawan shekarun aiki. Mai shekara 11 zai karɓi albashin shekara guda da ɗoriyar kashi 10, bisa sharaɗin zama sojan ko-ta-kwana na shekara uku. Fansho kuwa sai an cika 20. Tsohon tsari yana ba da kashi 50 na matsakaicin albashin shekaru uku mafi tsoka. Sabon tsarin da ya fara a 2018 yana ba da 40, amma gwamnati na zuba har kashi 5 a asusun ajiyar soja, wanda zai tafi da shi ko bai kai 20 ba. Ki tambaye shi wanne yake ciki.

Tambaya: To, aikin ya cancanci wahalarsa kuwa? Daga wani uba.

Amsa: Malam, albashi ba ya yankewa, ga asibiti na iyali, kuɗin gida da ba a cire wa haraji, da hutun kwana 30 a shekara. Abin da ake rasawa shi ne zama wuri ɗaya: duk shekara biyu ko uku a ɗaure kaya, yara su canza makaranta, matar gida ta sake neman aiki. Kuma ba a ajiye kaki a ranar da aka ga dama. Wanda ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta West Point sai ya yi shekara biyar.